Saba biyar gare ni, dole sai na gina imej ɗin Docker a kowacce?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da saba guda biyar (kwamfutocin da manhajata ke aiki a kansu), duk sanda na taɓa kod sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina docker build don gina imej (ƙunshin manhajar da duk abin da take buƙata don ta yi aiki), abin na cin lokaci, jiya ma ɗaya ta ƙi tashi alhali Dockerfile ɗin, wato fayil ɗin umarnin ginin, ɗaya ne. Meye mafita?

Amsa: Yawwa ɗan'uwa, ai ginin nan sau biyar shi ne ciwon. Layin apt-get install ko pip install, wato layin girka fakej (ƙananan manhajojin da kod ɗinka ke dogaro da su), duk abin da ya tarar a intanet a lokacin shi yake kwasowa, to in aka sabunta wani fakej tsakanin ginin farko da na biyar shikenan imej ɗinka sun bambanta kai ba ka da labari. Ka gina sau ɗaya tak, ka gwada, sai ka yi docker push zuwa rumbun ajiya irin Docker Hub ko ghcr.io na GitHub, ko ka tada naka da imej ɗin registry a fot 5000, sauran sabobin ba ruwansu da gini, docker pull kawai, su sauko da shi daga rumbun. Kuma ba ya cin data sosai, don imej hawa-hawa yake, hawan da saba ta riga ta mallaka ba ta sake sauke shi. Shi ya sa layin girka fakej ya zauna a sama, COPY na kod ɗinka a ƙasa, sai ya zama ɗan hawan ƙarshe ne kaɗai ke canjawa.

Don Allah ka rabu da tag ɗin latest, wannan abu yana damuna ƙwarai. Suna ne kawai, yau yana nuna wannan imej gobe wani. Ka sa lamba kamar 1.4.2, ko ka ja da lambar sha256, wato lambar shaidar imej ɗin kansa, wadda ba ta taɓa canjawa, ranar da sabon ya ba da matsala cikin minti ɗaya ka koma tsohon.

In a MacBook mai M1 kake gini sabobinka kuma amd64 ne (irin furosesan Intel da AMD), za ka ci karo da exec format error don furosesan ba iri ɗaya ba ne, maganinsa docker buildx build --platform linux/amd64. Sabar da ba ta da intanet kuwa, docker save ya mayar da imej ɗin fayil, ka tura fayil ɗin da scp (umarnin kwafar fayil zuwa wata kwamfuta), can ka yi docker load.

Kar ka kuskura ka cusa fasuwod cikin imej, ko ka goge shi a layi na gaba yana nan kwance a hawan baya, duk wanda ya ja imej ɗin zai iya tono shi. Ka miƙa shi lokacin tada kwantena, wato lokacin da za ka kunna imej ɗin ya fara aiki.