Rassan ƙasa sun rufe tsakar gida, a sare su ko a bari?

Wani Alhaji daga Zariya ya turo tambaya, ya ce yana da mangwaro a gidansa da ya fi shekara 20, rassan ƙasa sun sauko har mutum sai ya sunkuya kafin ya wuce, guda ɗaya ma yana gogar kwanon ɗaki in ana iska, yana so ya kira yaro mai adda ya share na ƙasan duka rana ɗaya a huta.

To Alhaji, sarewa kam za a sare amma dan Allah ba duka lokaci ɗaya ba. Tsohuwar bishiya ba kamar ƙarama ba ce, ciwonta baya saurin rufewa, kuma ganyen nan da kake gani ya dame ka da shi take haɗa abincinta. Abin da muke gaya wa mutane shi ne kada abin da za ka cire a shekara ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyenta, ga wadda ta tsufa ma gara ya gaza haka. In ka ja baya ka tsaya daga bakin ƙofa ka kalle ta, kashi biyu cikin uku na tsayinta ya zama ganye ne, ɗaya ne kawai gindi tsirara. Bana ka cire busassu da wancan mai gogar kwano da guda ɗaya ko biyu da suka fi tare hanya, sauran sai baɗi.

Sai lokaci. Mangwaro a nan arewa cikin hunturu yake fure, ya nuna da bazara, saboda haka in ka sare shi a watan Disamba ko Janairu 'ya'yan bana ka zubar da hannunka. Ka bari a gama tsinke 'ya'yan, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sai ka yi aikinka ranar da gari ya bushe, yadda zai samu damina ya yi sabon toho ya ƙosa kafin sanyi ya dawo. Kada kuma ka kai shi Agusta lokacin da ruwa baya ɗaukewa, ciwo a jiƙe shi ke kawo ruɓa.

Inda aka fi ɓata bishiya kuma wajen yankan ne, nan nake so ka tsaya a kan yaron da kanka. Ya ajiye adda ya ɗauko zarto. Adda tana farfasa itacen, sannan reshe mai nauyi in an sare shi daga sama kawai, kafin ya gama yankewa nauyinsa zai karya shi ya saɓule ɓawon gindin ya tafi da shi ƙasa, na sha ganin mangwaro da aka yi wa haka, sai ka ga farin tabo dogo kamar an feɗe shi, bayan shekara biyu gara ta shiga ta nan. Yanka uku ake yi. Ka auna kamar taƙi ɗaya da rabi daga gindi, a fara yanka ta ƙasan reshen a shiga kamar sulusin kaurinsa, sai a matsa gaba kaɗan a yanka ta sama har ya faɗi, ɓawon in ya fara saɓulewa zai tsaya a yankan farko. Sannan a dawo a cire guntun da ya rage. In ka duba daidai inda reshe ya fito daga gindi za ka ga ɗan kumburi kamar zobe, to a gaban zoben nan ake yanka, kada a taɓa shi, don daga nan ne sabon ɓawo ke tahowa ya rufe wurin. Kada a shafe shi daidai da jikin gindi, kada kuma a bar dungu dogo da za a iya rataya buta.

Ka kuma tambaya ko a shafa baƙin mai a wurin. A'a Alhaji, bar shi haka iska ta busar da shi, baƙin mai kashe ɗanyen ɓawon gefen yake yi. Zarton dai a goge shi da sifirit ko ruwan bilic in za a koma wata bishiya. Yaron kuma ya sa riga mai dogon hannu don ruwan mangwaro yana ƙona fata.

Wata Hajiya ita kuma lemunta ne rassa ke jan ƙasa. Hajiya, lemu baya son a tsiraita shi, ɓawonsa na da laushi, ranar bazara na iya ƙona shi ya tsattsage. Ki ɗage masa kamar kamu ɗaya daga ƙasa kawai yadda feshin ruwan sama ba zai watsa taɓo a ganye da 'ya'ya ba, in kuma ɗan aure ne, wato wanda aka haɗa reshen wani lemu a kan gindin wani, duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren ki cire shi tun yana ƙarami, na uwar gindin ne ba zai ba ki lemun da kika shuka ba.

Mai tambaya kan saran darbejiya, ita kam tana da juriya, ko an yi mata aski sosai za ta fito, sai dai tohon da take fesowa bayan mummunar sara baya kama jiki da kyau, shi ne ke ɓallewa da iskar farkon damina. Kuma ka ce reshen naka ya shiga cikin wayar wuta, wannan ba aikin yaron unguwa da tsani ba ne, ka je ofishin 'yan wuta su zo su ɗauke layin tukuna.