Inshora ta ƙi biyan maganin MS: in dakata da shi tunda na ji sauƙi?

Tambaya: Likita, ina aiki a wani kanti a Jidda. Shekara 3 ke nan da aka gano ina da cutar MS (wadda garkuwar jiki ke kai wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka hari), ina shan fingolimod kullum. Kafilina ya canza kamfanin ta'amin (inshora), sabon kuma ya ƙi ba da muwafaka, wato amincewar biyan maganin. Na ci bashi na sayi magani na yi hoton MRI, yanzu ana bi na riyal 11,000, ko barci ba na iyawa. Jikina kalau yake. Wata Hajiya a Karantina ta ce in ajiye ƙwayar in koma ƙaho da harbin ƙudan zuma. In ajiye?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka wannan nauyi. Amma ƙwayar nan kada ka ajiye ta.

Na gaji da jin "jikina kalau". Maganin ne ya sa yake kalau. Fingolimod tsare wasu fararen ƙwayoyin jini yake yi a cikin kaluluwa don kada su kai ga ƙwaƙwalwa da laka. Ka daina sha, sai su fito gaba ɗaya kamar an fasa madatsar ruwa, cutar na iya dawowa fiye da yadda ta fara, galibi cikin wata 3 na farko. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan. Natalizumab, wani maganin MS, shi ma haka yake yi. Na ga wanda ya shigo da ƙafarsa yana gaya mini ya warke, bayan 'yan watanni ƙaninsa ya turo shi a keken guragu, takalminsa ɗaya a hannu don ƙafar ba ta jin an sa mata. Masu shan ƙwaya yau su tsallake gobe don ta daɗe, su ma wasa suke da wuta. Harbin ƙudan zuma kuwa an gwada shi a Holand a 2005, bai rage tashin cutar ba. Hajiyar nan ba ita za ta ɗauke ka zuwa bayan gida ba in ƙafa ta mutu. Ka yi addu'a, ka sha zamzam, ka haɗiye ƙwayarka.

Kamfanin kuma, ƙin farko ba shi ne hukunci ba. Sau da yawa takarda ce ta ɓace a hanya. Ka nemi dalilin ƙin a rubuce, kada ka yarda da "sistam ya ƙi" da ma'aikacin tebur zai faɗa maka yana kallon waya. Likitanka ya rubuta takarir (rahoto) da sakamakon MRI, ya bayyana cewa kana kan maganin tun tuni kuma yanke shi haɗari ne, asibiti ya sake turawa. In sun sake ƙi, ka kai ƙara Hukumar Inshora, Hai'atut Ta'amin, da lambar buƙatar. Ka adana kowane rasit.

Gobe da safe ka kira likitanka ka gaya masa ƙwaya nawa ta rage. In kuɗin ya gagara, akwai fingolimod na wasu kamfanoni mai sauƙin farashi, akwai kuma canji zuwa wani magani, rituximab, amma likitan ne zai tsara ranar da za a sauya. Wanda ke bin ka bashi, ka same shi ku yanka abin da za ka riƙa biya duk wata, a rubuce, da shaidu biyu.