Hukuncin Kiwon Kifin Ado da Jinyarsa Idan Ya Kamu da Cuta

Tambaya: Malam, ina zaune a Barnawa. Maigidana ya saya wa yara akwatin gilashi da kifayen ado guda shida, ni ce nake kula da su. Da ruwan ya yi duhu sai na zubar da shi gaba ɗaya na cika da ruwan famfo, washegari biyu suka mutu. Yanzu sauran sun fito da fararen ɗigo a jiki, kuma na kwana biyu ina ganinsu haka ban yi komai ba, domin wani ya ce min ajiye su ma haramun ne, balle kashe musu kuɗin magani. Shin ina da alhakin waɗanda suka mutu?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yar'uwa, Allah Ya ƙara miki tsoronSa. Biyun da suka mutu babu zunubinsu a kanki, domin gyara kika nufa, kuma ba ki san cewa ruwan famfo yana ɗauke da sinadarin kulorin ba, wanda ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta amma yake ƙona sassan da kifi yake numfashi da su. Inda hukuncin ya canza shi ne maganarki ta biyu, cewa kina ganin cutar kika zuba ido. Daga ranar da kika gane halin da suke ciki uzurin rashin sani ya ƙare, domin wanda ya tsare abu mai rai ya hana shi neman mafita da kansa, ciyar da shi da kare shi daga cuta sun hau kansa, kuma hadisin matar da ta kulle kyanwa kowa ya san shi.

Wanda ya ce miki haramun ne bai ƙirƙiro maganar ba, tana da asali a littattafanmu na Malikiyya. Shehu Khalil ya ambata a Mukhtasar cewa haramun ne farautar abin da ake cin namansa ba da niyyar yanka ba, kuma wasu masu sharhi sun shigar da kama tsuntsu don a kulle shi ana kallo a ƙarƙashin wannan. Sai dai ɗora wannan hukunci a kan mas'alarki bai inganta ba. Maganar tana kan farauta ce, wato a je a raba dabba da dajinta don wasa, alhali mafi yawan kifayen adon da ake sayarwa a shaguna ƙyanƙyasarsu ake yi a gonakin kifi, ba su taɓa sanin kogi ba. Sannan Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba, da tsuntsun ya mutu ma lallashin yaron ya yi. Da wannan hadisi ne malamai da dama, har a cikin mazhabar, suka halatta tsarewa muddin ana ba da haƙƙi. Kuma ko da za mu sallama masa cewa sayen tun farko bai dace ba, ta yaya hakan zai zama hujjar barin kifin ya ruɓe da ransa? Fatawarsa ba ta fitar da kifin daga akwati ba, magani kawai ta hana shi. Batun almubazzaranci kuwa, kuɗin da aka sauke wajibi da shi ba a kiransa ɓarna, sai fa idan zai taɓa abincin iyali.

Fararen ɗigon nan masu kama da barbaɗin gishiri galibi wata ƙwayar cuta ce mai maƙalewa a fatar kifi, kuma tana samun dama ne idan kifin ya raunana saboda lalacewar ruwa ko sanyi na farat ɗaya, irin wanda muke gani a daren hunturu a Kaduna. Ki nemi likitan dabbobi ko mai sayarwa da ya san aikinsa, ki bi ƙa'idar maganin har ƙarshe ko da ɗigon sun ɓace, domin magani ba ya kama ƙwayar sai ta bar jikin kifin ta shiga ruwa. Kada ki zuba gishiri ko maganin mutane bisa jita-jita.

Gyaran ruwa shi ne rabin jinya. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗewa su zama amoniya, guba ce ko da ruwan yana garau, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a cikin matata, wato na'urar tace ruwan akwatin, da tsakuwar ƙasa ne suke karya ta. Saboda haka kada ki ƙara zubar da ruwan duka, ki riƙa canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, da ruwan da aka sa masa maganin cire kulorin, ko aƙalla ya kwana a buɗaɗɗen bokiti. Soson matata da tsohon ruwan akwatin ake ɗauraye shi, ban da sabulu. Ki hana yara yawan watsa abinci, abin da za su cinye cikin minti 2 ya isa. Idan an ɗauke wuta injin iska ya tsaya, kika ga kifayen sun taso sama suna haki, ki riƙa ɗebo ruwan da kofi kina kwararo shi daga sama.

Ruwan akwatin mai tsarki ne, haka mushen kifi, don haka idan ya fantsamar miki a tufafi sallarki ta yi. Amma kifin da aka yi wa magani kada a ci shi, kada a ba kaji ko kyanwa, a binne shi. Ki kuma nisanta soket daga inda ruwa yake zuba saboda yara.

Ki sanar da maigidanki cewa kuɗin magani a kansa yake, tunda shi ya kawo su gidan. Idan kun ga ba za ku iya ba, ku ba wanda zai iya kyauta, kada ku sake su a kwata ko a Kogin Kaduna. Jinkirin da kika yi kuwa ki nemi gafarar Allah a kansa, babu wata kaffara ta dukiya. Allah ne Mafi sani.