Tambaya da Amsa: Yaya zan tashi da 'ya'yan jatan lande zuwa sabon gari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a Garwa, a unguwar Yelwa nake zaune, kuma an yi mini canjin wurin aiki zuwa Ngaundare, nan da makonni uku zan tashi. Ina da akwatin gilashi mai cin lita 60 wanda nake kiwon ƙananan jatan lande jajaye na ado a cikinsa. Manyan ba su dame ni ba, domin da 'yar koma nake kama su, amma kwanan nan sun hayayyafa, 'ya'yan sun bazu cikin tsakuwa da ganye, wasu sai na manna fuskata a jikin gilashin kafin in gan su. Akwai kuma mace ɗaya mai ɗauke da ƙwai. Tunda dole in juye ruwan kafin a ɗauki akwatin, yaya zan yi in tafi da su ba tare da na zubar da rabinsu a magudana ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa wannan canji ya zama alheri. Yadda ka kwatanta su, da kuma ganin cewa 'ya'yan sun rayu a ruwan daɗi, ya nuna naka su ne waɗanda masana ke kira Neocaridina davidi, masu asali daga gabashin Asiya. Macen takan riƙe ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta har makonni uku zuwa huɗu, kuma abin da yake ƙyanƙyashewa cikakken jatan lande ne, sai dai tsawonsa bai wuce milimita biyu ba, ga shi garau kamar ruwan da yake ciki. Halitta irin wannan ba a bin ta da koma, domin gefen koma yana murƙushe ta a jikin gilashi, wadda ta shiga kuma takan maƙale a raga har ta bushe kafin ka lura. Abin da ake yi shi ne a ɗauke wurin zamansu suna ciki, sa'annan a bi ragowar a hankali, kuma makonni ukun da kake da su sun isa in ka fara aikin da wuri.

Ka fara tanadin ruwa da mazubi tun kafin ka taɓa akwatin. Ka sayi farin bokiti sabo mai murfi da jarka biyu waɗanda ba a taɓa zuba omo ko kananzir ko man fetur a cikinsu ba. Farin bokiti nake nufi musamman, saboda a kan fari ne kaɗai idon mutum yake kama motsinsu. Kwana uku kafin tafiya ka cika jarkokin da ruwan akwatin daga sama, inda yake a tace, domin wannan ruwan da suka saba da shi ya fi duk wani kaya da za ka ɗora a mota muhimmanci a wurinsu. Ka zuba wani a bokitin, ka ɗago gansakuka da ganyaye da itacen da ke cikin akwatin, kana tara ƙaramin kwano a ƙarƙashinsu tun suna cikin ruwa, ka mayar da su bokitin ba tare da girgizawa ba. Haka za ka yi wa soson tace ruwa, kada ka matse shi, kada kuma ka wanke shi da ruwan famfo. Mafi yawan 'ya'yan a jikin waɗannan abubuwa suke kiwo, suna cin santsin da yake taruwa a kai, kuma a cikin soson ne ƙwayoyin halittar da suke kawar da amoniya, wato gubar da take fitowa daga kashin jatan lande, suke zaune.

Waɗanda suka rage a fili ana jawo su ne da abinci. Ka hana su ci na yini guda, sa'annan ka ɗan tafasa ganyen alayyafo, ka bari ya huce, ka sa shi cikin ƙaramar kwalba mai faɗin baki, ka kwantar da ita a kan tsakuwar da magariba. Bayan sa'a biyu ko uku za ka tarar sun yi dandazo a ciki, sai ka toshe bakin da tafin hannu, ka ɗago, ka juye a bokiti. Ka maimaita wannan dare biyu ko uku. Ganyen dai ya zama wanda ka tabbata ba a yi masa feshin maganin ƙwari ba.

A nan dole in tsaya kan wani kuskure da ya fi sauƙin aukuwa a gidajenmu. Idan za a zuƙe ruwa da tiyo ana ɗaure bakin tiyon da ƙyalle mai ƙananan ƙofofi don kada 'ya'yan su bi, kuma abin da hannu yake fara kaiwa gare shi a kowane ɗaki shi ne tsohon gidan sauro. Kada ka kuskura. Gidajen sauron da ake rabawa an jiƙa su da maganin kashe ƙwari, kuma jatan lande ɗan'uwan ƙwari ne a halitta, abin da ya rage a zaren ya isa ya kashe duk abin da ke cikin bokitin. Tsohuwar safa mai laushi ko yankin gyale da aka ɗauraye da ruwa zalla sun wadatar. Haka nan kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin da bokitin yake, kuma a nisanta su da duk maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki.

Sai ka rage ruwan da siririn tiyo irin na famfon iska, wanda jansa ba shi da ƙarfi, har ya rage kamar yatsu uku a kan tsakuwar. Ka ɗan karkata akwatin ta hanyar sa ƙyalle a ƙarƙashin gefe ɗaya, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe. Za ka ga ƙananan inuwoyi suna tsalle a kan tsakuwa. Babban sirinji marar allura, wanda aka ɗan faɗaɗa bakinsa, shi ne abin ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ƙarshe mai laka kada ya tafi magudana kai tsaye. Ka juye shi a faranti mai faɗi, ka bar shi ya kwanta, ka sake dubawa da safe. Ni kaina na taɓa juye irin wannan ruwa a gindin bishiyar mangwaro ina ganin na gama, sai da na sunkuya ɗaukar bokiti na ga wasu suna mutsu-mutsu a kan yashi, kuma ba su tsintu ba. Tsakuwar ma ka kwashe ta da danshinta a wani mazubi da ɗan ruwa a kai, domin sau da yawa wasu sukan fito daga cikinta bayan kwanaki.

Mai ƙwan kuwa ka kora ta cikin kofi tana cikin ruwa, kada ka ɗaga ta sama. Canjin ruwa na farat ɗaya yakan sa jatan lande ya yi saɓa ba lokacinsa ba, kuma idan mai ƙwai ta yi saɓa, ƙwan yakan tafi tare da tsohon ɓawon.

Tafiyar ta haura kilomita 270, ga hawan dutse kafin a shiga Ngaundare, don haka ka tashi da asuba, ka ajiye bokitin a ƙasan mota inda rana ba ta dukansa, ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul. Ruwa ya zama kashi biyu cikin uku na bokitin, sauran iska, kuma gansakukar za ta ba su abin riƙewa idan mota ta faɗa rami. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 26, zafin Garwa kuwa a watan Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, saboda haka rufaffiyar mota a tsakar rana ta fi nisan hanya haɗari. Akwatin gilashin a ɗauke shi babu ruwa babu tsakuwa, domin nauyi yana buɗe haɗin gilashi.

Da ka isa, ka shimfiɗa tsakuwar, ka zuba ruwan jarkokin, ka kunna soson, ka mayar da su. Ruwan Ngaundare ba lallai ya yi daidai da na Garwa ba, garin kuma ya fi sanyi saboda yana kan tudu, don haka cikon ruwan sai an sa masa maganin kawar da kulorin, wato sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, sa'annan a shigar da shi ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo da aka ƙulle shi sako-sako, lita kaɗan a kowace rana har akwatin ya cika. A makon farko ka rage abinci ƙwarai, kuma idan wuta tana yawan ɗaukewa a sabuwar unguwar, ƙaramin famfon iska mai batir zai yi maka amfani. Idan ka ga sun fi ƙarfin abin da za ka iya ɗauka, ka ba wani mai akwati a nan Garwa, kada ka sake su a kogin Binuwai, domin baƙi ne a ruwanmu.