Tambaya da Amsa: Abincin yara na lalacewa kafin azahar, me zan zuba musu a kula?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yarana uku suna zuwa sansanin hutu a wata makaranta, ana koya musu kwamfuta da hadda. Suna fita ƙarfe 7:30 na safe, sai bayan la'asar su dawo, kuma ba a ba su damar cin abinci sai an idar da sallar azahar. Sau biyu ke nan suna dawo mini da shinkafa da wake ta yi tsami, ranar Talata kuma ƙaramar ta yi ta amai. Ga zafin nan, ga rashin wuta. Me ya kamata in riƙa zuba musu? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya.

Mu fara da lissafin lokaci, don a nan matsalar take. Kin sauke tukunya wajen ƙarfe 6:30, su kuma ba za su buɗe kula ba sai kusan 2:00. Awa bakwai ke nan da ɗoriya, a garin da zafin Afrilu kan kai digiri 40, wani lokacin ya haura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan: ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Tsakanin nan ƙwayoyin cuta ke shagalinsu. Hukumomin abinci na Amurka ma sun rage wa'adin zuwa awa 1 idan zafin gari ya wuce digiri 32, mu kuwa a bazara tun hantsi mun wuce nan. In yanayi ya yi musu daidai, wasu ƙwayoyin kan ninka kansu duk minti 20, wato a awa 6 ƙwaya ɗaya na iya haura 260,000.

Shinkafa tana da nata sharrin na daban. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, tafasa kuma ba ta gamawa da ita. Da abinci ya huce ya koma ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba guba, gubar da ko an sake ɗumama abincin tana nan. Alamarta amai ne cikin 'yan awoyi bayan ci. Ban ga yarinyar ba, ba zan yanke hukunci ba, amma labarinki ya yi kama da haka. Abin da ya fi damuna shi ne, shinkafar da ta yi tsami yara sun ƙi ci, sun tsira. Wadda ke kwantar da yaro sau da yawa ba ta wari, ba ta yauƙi. Hanci ba alƙali ba ne a nan.

Kuskuren da na fi gani a gidaje shi ne yadda ake amfani da kula. Kula ba ta ƙara zafi, riƙe abin da aka ba ta kawai take yi. Uwa ta bar abinci ya sha iska "don kada ya yi gumi", sannan ta zuba a robar kula mai sanyi, rabin ciki, ta rufe. Ta haɗa wa ƙwayoyin cuta ɗaki da shimfiɗa. Ga yadda ake yi: ki nemi ƙaramin fulas ɗin abinci mai cikin ƙarfe, kowane yaro da nasa. Ki cika shi da tafasasshen ruwa, ki rufe minti 10, ki zubar, sannan ki zuba abinci kai tsaye daga wuta yana tiriri, ki cika shi har baki. Ranar Asabar ki gwada a gida: zuba da safe, buɗe ƙarfe 2:00. In bai ƙona harshe ba sai an hura, fulas ɗin nan ba na awa bakwai ba ne. Kuma girkin safiyar ranar za a zuba, ban da kwanannen abinci.

In fulas bai samu ba, ki koma ga busasshen abinci, wanda kakanninmu suka yi fatauci da shi babu firji. Gurasa da ƙuli-ƙuli, dambun nama da ya soyu ƙayau, kilishi, cincin, dabino, burodi da tunkuza ko man gyaɗa. A haɗa da lemo ko ayaba ko mangwaro da ɓawonsu, ga su nan a kasuwar 'Yan Lemo. Yaro ya ɓare da kansa. Yankakkiyar kankana tana da daɗi, sai dai da zarar wuƙa ta shiga ta, ta zama abincin firji. Soyayyar gyaɗa kuma ban da yaron da bai kai shekara 5 ba, saboda shaƙewa.

Waɗanda zan ce ki ajiye sai sun dawo gida: alala, ɗanwake, kwaɗo, salak mai bama, taliya da ƙwai a roba, fura da nono, da kunun aya. Kunun aya musamman, kowa ya san ba ya jimirin rana.

Ruwa kuwa, ki ba kowanne aƙalla lita ɗaya da rabi, ki kuma tambayi malamai ko akwai inda za su ƙara. In an samu wuta da dare, ki daskarar da ruwan leda biyu ki sa a jaka, su sanyaya abin da ke gefensu, zuwa azahar sun narke an sha. In ƙanƙarar saye ce, a ɗaure ta a leda don sanyi kawai, ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Akwai kuma dabarar randa: ki naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma, busasshiyar iskar bazara za ta sanyaya ta. Wannan dabarar ta ruwan sha ce kawai, sanyinta bai isa kare abinci ba. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. Ki duba fitsarinsu da yamma, in ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba.

Da ni ce ke, zan je in sami shugaban wurin. Ki roƙi a ba yara hutun cin abinci wajen ƙarfe 10:00, su ci dafaffen a lokacin, busasshen ya jira azahar. Wannan kaɗai ya rage fiye da rabin awoyin. Ki kuma ga inda ake jibge jakunkuna, don na taɓa tarar da su a baranda rana na dukansu. A sa sabulu kusa da butocin alwala.

Ragowar da suka dawo da ita a zubar, kada a ɗumama wa kowa. In amai ko gudawa ya sake faruwa, ki fara da ruwan gishiri da sukari na ORS, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Idan yaro ya kasa riƙe ruwan, ko idonsa ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko kika ga jini a bayan gida, to a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.