Ƙasusuwan da Aka Tono a Rijiya: Ana Iya Gane Mai Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayana ya fita daga gidanmu a Ɗorayi shekara 9 ke nan, bai dawo ba. Mun yi cigiya a rediyo, mun zaga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, shiru. Kwanan baya masu yasar wata tsohuwar rijiya a wani kango kusa da mu suka ci karo da ƙasusuwan mutum, 'yan sanda suka zo suka kwashe. Tun ranar Hajiyarmu ba ta runtsa ba. Ana iya gane ko na wane ne bayan wannan tsawon lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sanyaya wa Hajiya zuciya, ya bayyana muku gaskiyar al'amari. Ana iya ganewa, shekara 9 ba ta yi wa ƙashi yawa ba. Sai dai rabin aikin ne kawai yake hannunmu masu binciken gawa, ɗaya rabin yana gidanku.

Idan aka kawo mana ƙasusuwa, mukan shimfiɗa su a tebur, kowanne a gurbinsa. Baligi yana da ƙashi 206, amma da wuya a same su cif. Farko mu tabbatar na mutum ne, kuma na mutum ɗaya ne. An taɓa kawo mini wasu a buhun shinkafa, da na zazzage sai ga muƙamuƙin akuya da ƙafafunta a ciki, domin tsohuwar rijiya juji ce, kowa abin da ya ga dama yake jefawa.

Daga nan sai ƙashin ƙugu, shi ya fi komai nuna namiji ne ko mace. Na mace ya fi faɗi da buɗewa saboda haihuwa. Tsawo kuma daga ƙashin cinya ake lissafa shi, don ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin mutum. Shekaru sun fi sauƙin ganewa a yaro da matashi: turamen haƙori na dindindin na farko suna fitowa wajen shekara 6, na biyu wajen 12, kuma kawunan dogayen ƙasusuwa suna haɗewa da gangar jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen haɗewa shi ne ƙashin nan da ya taso daga kafaɗa zuwa ƙirji, wanda kan kai shekara 25 zuwa 30. Idan mutum ya manyanta sai kintacen ya yi faɗi.

Duk wannan zai ce mana, misali, namiji ne matashi mai matsakaicin tsawo. Irinsu nawa ne suka ɓata a Kano? Shi ya sa na ce rabin aikin yana gidanku. Ku zauna da Hajiya ku tuna jikinsa. Ya taɓa karaya aka kai shi wurin mai ɗori? A wace ƙafa ko hannu? Ƙashin da ya karye ya warke yakan bar ƙulli a wurin, kamar gaɓar rake, kuma ɗorin da ya ɗan karkace ba kasafai yake ɓoyuwa ba. Yana da wushirya, ko giɓi, ko haƙorin Makka? An taɓa sa masa ƙarfe a ƙashi? Yana ɗingishi? A Turai takardun likitan haƙori ne kan warware irin wannan, mu kuwa yawancinmu ba mu da su, don haka hoton da ya yi dariya haƙoransa suka fito abu ne mai daraja. Haka zobe, agogo, laya, takalmin roba: leda da roba da ƙarfe sun fi tsoka daɗewa nesa ba kusa ba.

Abin da ke yanke hukunci shi ne gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA. Ana samun sa a cikin turmin haƙori, da ƙashin cinya, da wani ƙashi mai tsananin tauri da ke cikin ƙoƙon kai daidai kunne. Zafi da danshi suna lalata shi, kuma rijiya a garinmu ta haɗa duka biyun, don haka wani lokaci sai an gwada fiye da sau ɗaya. Amma ko an same shi tsaf, ba ya zuwa da suna a rubuce. Dole a kwatanta da na dangi. Na mahaifiya yana cikin mafi ƙarfi, kuma ba allura ba ciwo, auduga ce ake gogawa a cikin kumatu. Akwai ma wani nau'insa da ake gada ta wajen uwa kaɗai, wanda ya fi jure daɗewa, ke da yayanki kuna ɗauke da iri ɗaya idan cikinku ɗaya. Ta wannan hanya ta kwatanta ƙashi da jinin dangi aka gano kusan mutum 7,000 cikin kimanin 8,000 da aka kashe a Srebrenica ta ƙasar Bosniya a 1995, alhali an tone kaburburan da motocin haƙa an cakuɗa gawarwakin. A nan gida jihar Legas ta buɗe cibiyar irin wannan gwaji a 2017.

Batun ko kashe shi aka yi, ƙashi yakan faɗa, wani lokaci kuma ya yi shiru. Ɗanyen ƙashi da aka sara ko aka doka yana fashewa daban da busasshe, wanda ke ɓallewa kamar kara, bakin ɓallin ya yi fari. Amma wuƙa a ciki tana iya kashewa ba ta taɓa ƙashi ba. Yadda aka tarar da shi ma shaida ce. Kano tsohon gari ne, masu haƙa tushen gini kan faɗa wa tsohon kabari, kuma wanda aka yi wa sutura za a gan shi kwance a gefen dama yana fuskantar alƙibla. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutanen kirki, don girmama mamaci, kan tattara ƙasusuwa su binne kafin hukuma ta gani. Niyyar mai kyau ce, amma wata uwa ce can aka rufe wa ƙofar sani.

Tunda 'yan sanda ne suka kwashe, ki sami babban namiji a gidanku ku je ofishin da abin ya faru a yankinsa, da mai unguwa idan zai yiwu. Ku kai hotunansa da bayanin da kuka rubuta, ku nemi lambar fayil da sunan jami'in da ke riƙe da binciken, ku tambayi asibitin da aka ajiye ƙasusuwan. Ku rubuta takardar roƙon a yi gwaji, kada kuma a binne sai an cire haƙori ko guntun ƙashin cinya an adana. Idan abin ya tsaya cik, sai ku ɗaga maganar zuwa hedikwatar rundunar a Bompai, ko ku sa lauya.

Ki kuma shirya zuciyar Hajiya a hankali, domin sakamakon zai iya cewa ba shi ba ne. In haka ta faru, ku karɓi kwafin sakamakon gwajinta ku ajiye wuri ɗaya da hotunansa, saboda a kwatanta da shi duk ranar da aka sake tsintar wasu.