Ratar Da Ke Gindin Ginshiƙi

Ka turo mini hotunan tsohon ɗakin nazarin taurari na Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor a Amurka, wanda ake kira Detroit Observatory, kana cewa: "Maigida, ga ƙaton ginshiƙi a tsakiyar gini, amma an ce ba a ɗaure shi da daɓen bene ba. Ba sakaci ba ne? Masu gyara ba sa cike ratar da siminti?"

Yaro, duk wanda ya cike wannan rata ya kashe ginin, ko da bango bai tsage ba.

Ginshiƙin nan ba rufi yake ɗauke da shi ba. Madubin hangen taurari ne ke zaune a kansa, wanda Henry Fitz ya ƙera a Niyok aka kafa a 1857, faɗin gilashinsa ya ɗan haura inci 12. Irin wannan madubi, yadda yake kusanto da tauraro haka yake ƙara girman kowace girgiza. Mutum ya taka katakon bene, kai ba za ka ji komai ba, amma mai leƙe zai ga tauraro yana tsalle a idonsa. Shi ya sa ake fara ginshiƙi tun daga can cikin ƙasa da harsashinsa daban, a tashe shi da jan bulo, a bar bene ya zagaye shi ba tare da sun taɓa juna ba. Ka tuna yadda muke zuba wa injin niƙa mazauninsa daban don kada ya girgiza bango? To nan akasin haka ne: na'urar ake karewa daga motsin gida.

A 1854 aka yi ginin, zamanin shugaban jami'ar Henry Tappan. Attajiran Detroit ne suka tara kuɗin, shi ya sa yake ɗauke da sunan garinsu alhali ba a can yake ba. Kuma ba don kallon sama kawai suka zuba dukiyarsu ba. Da wucewar taurari ake saita agogo, su kuwa jiragen ƙasa da na ruwa suna bukatar lokaci daidai. Bajamushe Franz Brünnow ya fara riƙe wurin, ɗalibinsa James Craig Watson ya gaje shi.

Sake duba bangon waje da kyau. Za ka rantse sassaƙaƙƙen dutse ne, nan kuwa bulo ne aka yi wa filasta, aka zana layuka kamar an jera duwatsu. Aikin hannu ne na gwani, ni dai ya burge ni fiye da ƙubbar da ke rufe madubin.

Maganar siminti kuma, ko a bango ma a yi hattara. Ginin wancan zamani da farar ƙasa da yashi ake kwaɓa shi. Kwaɓin yana da laushi, yana barin danshi ya fita. Ka cusa siminti mai ƙarfi tsakanin tsohon bulo, ruwa ya rasa hanya sai ta jikin bulon, sanyin Mishigan ya daskarar da shi, fuskar bulon ta dinga ɓarewa. Ƙa'ida ita ce kwaɓin gyara kada ya fi bulon tauri.

Akwai lokacin da saura ƙiris a rushe wurin. An sa shi a rajistar wuraren tarihi ta ƙasar a 1973, a 1976 aka rushe ɓangaren da aka ƙara masa a 1908, asalin ginin ya tsira, aka yi masa babban gyara a 1997 zuwa 1998. Har yau da igiya ake juya ƙubbar da hannu.

Ranar da aka kai ka tsohon gini ka ga rata ko rami da ba ka gane ba, ajiye cokalinka ka kira ni kafin ka kwaɓa komai.